Madubi Biyu a Kan Katangar Alhaji Baƙo

Malama Badi'a 'yar Mainika ce, a ƙasar Gwarzo. Iyayenta Fulani ne da suka daɗe da zama wuri ɗaya suna noma da kiwo, har Fillancin ya ɓace musu sai a gaisuwa. Tana ƙarama mahaifinta ya rasu, ƙanensa da take kira Bappa ya riƙe ta. Shi ya sa ta a firamare lokacin da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga boko, shi ne kuma ya toshe kunne da surutun dangi ya bar ta ta wuce kwalejin horon malamai mata.

Tun tana yarinya mai fargaba ce. In an aike ta da nono sai ta yi ta tsayawa a hanya tana buɗe ƙwarya ta ga ko ya zube. In an kira sunanta da ƙarfi gabanta ya faɗi tun ba ta san me ake nemanta da shi ba. Girma bai raba ta da wannan hali ba, sai ma ya ƙara mata da gyambon ciki.

Ta fara koyarwa a shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da alli ma sai an gutsuttsura ake raba wa malamai. Aure ya kawo ta Kabo, gidan Dalhatu, wani tela mai sanyin hali da ke da shago a bakin kasuwa. Aka tura ta wata firamare a wani ƙauye kusa da Gude, aka ba ta darasin kimiyya. Kullum da safe Dalhatu ke kai ta a babur, da azahar ya rufe shago ya je ya ɗauko ta. 'Yan uwansa ba su taɓa son aikin ba. Sukan ce masa matar aure ba ta da abin yi a gaban allo, shi kuwa ya yi murmushi ya ci gaba da taka kekensa.

Littafin da aka ba ta yana cewa a ɗauko kaza daga akwatin kayan kimiyya, a haɗa da kaza. Babu wanda ya taɓa ganin akwatin nan a makarantar. Shekarun farko haka ta riƙa karanta wa yara suna maimaitawa, ta ce haske yana tafiya a miƙe, su amsa da ƙarfi, in ta tambaye su washegari su yi tsuru-tsuru. Abin ya dame ta. Sai ta fara tara tarkace: murafen gwangwanin madara, tsofaffin cokula, kwalayen sabulu, tasa ɗaya mai sheƙi da ta cire daga kayan jerenta. Wani makanike maƙwabcin shagon mijinta yana ajiye mata fasassun madubin babur. Dalhatu ya goge bakin kowanne a kan dutse don kada ya yanki yaro, ita kuma ta sake bi da yatsa, ta sake bi, kafin ta yarda ta sa a jaka.

Waɗanda suka zauna a ajinta har yau suna tuna ranar madubi. Takan sa a rufe tagogi a bar ɗaya. Yaro ɗaya ya tsaya waje ya tari rana da madubinsa ya jefo ta cikin aji, sai ga farin tabo yana rawa a bango, yara su ɗauki ihu. Sai ta kakkaɓe tsumman goge allo a hanyar hasken, ƙurar alli ta tashi, kowa ya ga sandar haske a miƙe sambal. Na biyu ya tare ta da nasa madubin ya karkata ta ga na uku, na uku ya kai ta lungun da ya fi ko'ina duhu, inda ake jingine tsintsiya.

"Kun ga?" in ji ta. "Kamar ƙwallo ne a jikin bango. In ka buga a miƙe, ya dawo maka a miƙe. In ka buga a karkace, ya tafi a karkace ta ɗaya gefen."

Sukan leƙa cikin cokali su ga kansu a kife, su juya bayansa su ga hancinsu ya kumbura. Sukan rubuta sunansu su nuna wa madubi su ga ya koma baibai. Ita kuwa tana tsakiyarsu tana ta faɗin a yi a hankali, kada a haska wa kowa a ido, kada a sa a baki.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ta yi murna kamar kowa. A rediyo ta saurari taron, ta yi kabbara ita kaɗai a tsakar gida. Amma bayan murnar sai aka shiga wani yanayi na kowa yana lura da kowa. A ƙauyen da take koyarwa samari suka haɗa ƙungiyar gyaran tarbiyya, suna hana kiɗa a biki da zance a lungu. Labarin bulala ya yi ta yawo, wani gaskiya wani ƙari. Badi'a ta ƙara wa hijabinta tsawo, ta daina tsayawa gaisawa da malamai maza a baranda.

A zangon da ya biyo baya ne ta koya wa 'yan aji shida wani abu da ta daɗe tana so. Aka samo kwali mai tsawo, aka huda taga a sama ta gaba, aka huda wata a ƙasa ta baya. Aka maƙala madubi ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, kowanne a jirkice suna kallon juna. Hasken abin da ke waje ya bugi na sama, ya gangaro ya bugi na ƙasa, ya shiga ido. Yaro yana tsugune a ƙarƙashin taga sai ya ga akuya tana wucewa a filin makaranta. Yara suka raɗa masa suna dogon wuya. Kowane rukuni ya haɗa nasa, da aka tashi ta ce a tara mata su a bayan ƙofa.

Akwai wani yaro a ajin mai suna Hadi, ɗan wani manomi, Mahbub. Shiru-shiru ne, ba ya cikin masu ƙoƙari ba ya cikin daƙiƙai. Ran nan kuwa shi ya fi kowa tambaya. Ya ce in kwalin ya fi haka tsawo zai yi aiki? Ta ce zai yi, in dai madubin suna kallon juna. Ta ji daɗi har ta ba mijinta labari a hanya.

Ba a daɗe ba, wata safiya tana cikin darasi hedimasta, Malam Muhammad Nur, ya aiko a kira ta. Ta same shi tsaye, bai ko zauna ba, ga wani dogon wuya a kan teburinsa da ya ninka nasu tsawo, an haɗa kwali da kwali an ɗaure da zare.

"Malama, wannan aikinki ne?"

"Ni na koya musu, Malam. Amma wannan ba a aji aka yi shi ba."

"Jiya da la'asar aka kama Hadi da shi a bayan gidan Alhaji Baƙo. Ya ɗora shi a kan katanga yana leƙen matan mutane."

Alhaji Baƙo ɗan kasuwar hatsi ne, mai faɗa a ji a garin, matansa kuma a kulle suke.

"Samarin nan suka kama shi," in ji hedimasta. "Sun tambaye shi ina ya samu, ya ce a makaranta aka koya musu. Yanzu magana ta kasu biyu. Wasu na cewa kina koya wa yara leƙen gidaje. Wasu na cewa ma duba ne, wai da madubi kike nuna musu abin da ke bayan bango. Mai gari ya ce ranar Asabar da hantsi a hallara a ƙofar gidansa, har da liman. Ni dai ban san da wannan darasi ba, kin ji na gaya miki."

"Yana cikin littafi, Malam."

"Littafin ba shi zai zauna gaban mai gari ba."

Ta koma aji ta kasa ci gaba. Hadi bai zo ba ran nan. Washegari ma bai zo ba, kuma 'yan mata da dama iyayensu sun hana su fitowa. Wata yarinya ta gaya mata cewa innarta ta ce kada ta sake kallon madubin Malama.

Kafin la'asar labari ya isa Kabo. Yayan Dalhatu ya zo har gida, ya tsaya a zaure yana ɗaga murya yadda za ta ji daga ɗaki. Ya ce tun yaushe suke faɗa. Ya ce in aka kai maganar nan kotu aka yi wa matar gidansu bulala a bainar jama'a, da wane ido za su dubi mutane. Dalhatu ya yi ta ba shi haƙuri har ya tafi. Da ya shigo ya tarar da ita zaune a bakin gado ta riƙe ciki.

"Malam, da gaske za su iya kai ni kotu?"

"Wa ya ce? Surutu ne."

"In suka kore ni fa? In suka ce sihiri ne, wa zai sake ba ni ɗansa?"

Ya jiƙa mata kanwa ya miƙa mata, ta kurɓa ta ajiye. Abinci ya gagare ta. Tana salla tana mantuwar raka'a. Abin da ya fi cin ranta shi ne ta kasa gane yaron. Hadi da ko ido ba ya iya haɗawa da 'yan matan aji, me ya kai shi katangar mutane?

Ana gobe zaman, da aka tashi daga makaranta, ta ce wa mijinta ya jira ta a gindin darbejiya, za ta shiga gidan Alhaji Baƙo ta ba matan haƙuri. Ya ce anya kuwa. Ta ce in ba ta je ba ba za ta iya tsayawa gobe ba.

Uwargida ta amsa sallamarta a daƙile, ta karɓi ban haƙurin a tsaye, ta ce ai magana tana hannun maza. Badi'a ta juya za ta fita sai wata mace siririya ta fito daga madafa ta ce bari ta taka mata. Sunanta Furera, amaryar gidan. Da suka kai soron ciki, inda ba kowa, sai ta riƙe mata hijabi.

"Malama, sun dake shi da yawa?"

"Wa?"

"Yaron."

Ba ta faɗi sunansa ba. Badi'a ta dubi fuskarta, ta ga goshin da idanun irin na Hadi, sai ta gane. Ɗan fari ne, shi ya sa ba ta kiran sunan. Da yake Badi'a ba 'yar garin ba ce, ba ta taɓa sanin cewa uwar Hadi ta fita daga gidan Mahbub ba, balle ta san inda ta yi aure.

Furera ta yi magana da sauri, murya ƙasa-ƙasa. Rabuwarsu da Mahbub ba ta yi daɗi ba. Da ta auri Alhaji sai Mahbub ya rantse da Alƙur'ani ɗansa ba zai taka gidan ba. Ita ba ta fita, shi ba ya shigowa, ga su a gari ɗaya. Tun bara ba ta sa shi a ido ba.

"Na ga kwalin," in ji ta. "Tun ran farko na gan shi ya leƙo ta saitin madafa. Na tsorata, sai na ji tarinsa a bayan katanga. Na san tarinsa. Daga nan kullum la'asar sai in ɗauko tsintar shinkafata in zauna a wurin. Ban taɓa ɗaga kai ba, wallahi. Ina dai zama."

Ta share ido da bakin zane.

"Don Allah, Malama, kada ki faɗa a gaban maza. In Alhaji ya ji na sani na yi shiru, aurena ya mutu. In uban ya ji, yaron zai sha wuya."

Badi'a ta fito da nauyin da ya fi wanda ta shiga da shi. Ga maganar da za ta wanke ta, ta wanke yaron, an kuma roƙe ta kada ta faɗa. Sai da suka yi nisa a kan babur sannan ta taɓa kafaɗar mijinta ta ce su koma. Ya juya bai tambaye ta ba. Ta sa ya tsaya a ƙofar gidan liman, ta shiga wajen matarsa, Hauwa, wata dattijuwa da ke koya wa matan aure karatu. Ta gaya mata rabin zancen kawai: cewa wurin da aka kama yaron saitin madafa ne, kuma uwarsa tana gidan. Ba ta ce Furera ta sani ba.

"Kowa a garin nan ya san uwarsa na ciki," in ji Hauwa. "Ba mai son ya fara faɗa ne, saboda rantsuwar uban. Je ki, 'yata. Zan yi wa Malam magana. Ban ce zai ji ba."

Ranar Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai gari. Maza suka cika wurin, samarin ƙungiya na tsaye a gefe. Aka sa Badi'a a cikin zaure, daga bakin ƙofa, inda za a ji muryarta. Dalhatu ya zauna kusa da ƙofar. Ta hango Hadi a durƙushe a tsakiya, kansa a ƙasa, gefen fuskarsa a kumbure.

Alhaji Baƙo ya fara. Ya ce shi bai gina katanga don ado ba. Ya ce yau yaro ɗaya ne, gobe duk yaran gari za su bi gidaje da kwalaye, to ina amfanin kulle. Mutane suka yi ta gyaɗa kai, ita ma a ranta ta san bai yi ƙarya ba. Hedimasta ya ce shi ba a shawarce shi ba. Sannan mai gari ya ce Malama ta yi bayani.

Ta fara magana a hankali, sai da aka ce ta ɗaga murya.

"Ranka ya daɗe, ni na koya musu. Darasin haske ne. Babu komai a ciki sai madubi biyu. A buɗe a gani."

Liman ya sa aka miƙo masa dogon wuyan. Ya juya shi, ya kai idonsa tagar ƙasa, ya ɗaga shi sama, ya ɗan ja baya da ya ga rawanin mai gari a ciki. Wasu suka yi dariya suka haɗiye. Ya kwance zaren ya farke kwalin, gutsattsarin madubi biyu suka faɗo kan tabarma. Ya ɗaga su kowa ya gani.

"Wannan ba duba ba ne, ba sihiri ba ne," in ji shi. "Madubin babur ne. Wanda ya ce sihiri ne ya nemi gafarar baiwar Allah nan. Amma leƙen gidan mutum haramun ne, da ido ne ko da kwali."

Ya juya ga yaron ya tambaye shi me ya je nema. Hadi bai ɗago ba. Aka sake tambaya, shiru. Mahbub ya yunƙura zai tashi da takalmi a hannu, aka riƙe shi. Maganar ta zo wa Badi'a har baki, ta danne ta da hannu a kan hijabi.

Liman ya ja carbinsa. Can ya ce, "Mahbub, yaushe rabon yaron nan da ya gaida mahaifiyarsa?"

Mahbub ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na yi rantsuwa."

"Rantsuwar da ta raba ɗa da uwa kaffara ake yi mata, ba riƙe ta ake yi ba. Mun iya hana kiɗa a biki, wannan kuwa muna gani muka yi shiru, har da ni."

A nan ne Hadi ya fashe da kuka, irin kukan da yaro ke yi da dukan jikinsa. Alhaji Baƙo ya kawar da kai. Da mai gari ya tambaye shi, ya ce shi bai taɓa hana yaro zuwa zaurensa ba, ta ƙofa dai.

Hukuncin bai yi wa kowa daɗi duka ba. Aka ce Hadi zai share masallaci har ƙarshen wata. Aka ce a tattaro duk dogon wuyan da ke makaranta a ƙona, kuma kada Malama ta sake koya wa yara haɗa shi. Sauran darasin madubi ta ci gaba, amma kada yaro ya fita da ko ɓallin madubi daga aji. Ta ce ta ji ta yarda. Ba ta fito daga zauren ba sai da wurin ya watse.

Ranar Litinin ta tsaya tana kallo aka cinna wa kwalayen wuta a bayan ajujuwa. 'Yan matan da aka hana zuwa suka dawo da kaɗan-kaɗan, wasu ba su dawo ba sam. Mahbub ya yi kaffara, amma bai huce ba. Ya bar Hadi ya je zauren Alhaji Baƙo ranar wata Juma'a, Furera ta fito soron ciki suka gaisa, ta ba shi dambu a kwano. Kafin zangon ya ƙare sai uban ya cire shi daga makaranta ya tura shi Gwarzo wajen ƙanensa ya koyi gyaran rediyo. Bai rubuta jarrabawar fita ba. Wannan ya daɗe yana damun Badi'a. Takan tambayi mijinta ko da ta yi shiru ba ta je gidan liman ba da yaron ya gama aji shida. Dalhatu yakan ce ba ta da tabbas, ita ma ta san ba ta da shi.

Ta ƙara shekaru a makarantar, daga baya aka mayar da ita wata a wajen Masanawa, inda ta yi ritaya. Ba ta sake haɗa dogon wuya ba, ko a can da ba wanda ya hana ta. In darasin ya zo takan zana shi a allo, ta nuna hanyar hasken da kibiya, ta wuce. Maganar Furera kuwa ba ta gaya wa kowa ba, har mijinta, sai bayan da Alhaji Baƙo ya rasu, Furera ta gama takaba ta koma Gwarzo da zama wajen ɗanta.